Dalma a Jinin Yaro: Bin Sawunta Daga Asibiti Har Ƙuryar Ɗaki

Wata baiwar Allah daga Tarauni ta aiko mini da doguwar tambaya, bari in taƙaita. Maigidanta gyaran batir yake yi a wani gareji a Gyadi-Gyadi, na mota da na sola. Ɗansu na fari ya shekara biyu da 'yan watanni. Ba ya son abinci, ya ɗashe, ga rigima, kuma har yau maganarsa ba ta wuce "Umma" da "ruwa" ba. An yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba shi na tsutsar ciki da na ƙarin jini, abin dai sai a hankali. Kakarsa tun ranar suna take rambaɗa masa kwalli. To, sai ƙanin matar da ke karatu a ƙasar waje ya ce mata Turawa suna da wani gwajin jini da ke nuna yawan dalmar da ke jikin mutum, har da inda dalmar ta fito. Shi ne take tambaya ko gaskiya ne, kuma ta ina za ta fara.

'Yar'uwa, gaskiya ƙaninki ya faɗa miki. Gwajin yana nan, kuma zan yi miki bayaninsa daidai gwargwado, don abin sha'awa ne. Amma da shi za ki ƙare, in ma ta kama a yi shi. Akwai aikin da ke gabanki wanda ya fi shi sauƙi, ya fi shi araha, kuma ya fi shi gaggawa.

Mu fara da kalmar kanta, don tana rikita mutane. A bakinmu "dalma" suna ne na ƙarfe fiye da ɗaya. Tukunyar da ake dafa shinkafar biki muna kiranta tukunyar dalma, alhali alminiyam ce. Dalmar da nake nufi ita ce mai nauyin nan, ruwan toka, mai laushin da farce ke iya kartarta, wadda ke cikin farantan batir, wadda masunta ke ɗaura wa bakin taru don ya nutse. Jikin ɗan Adam ba ya buƙatar ko ƙwayarta. Idan ta shiga, sai ta yi shigar burtu: jiki ya ɗauke ta kamar sinadarin ƙarfafa ƙashi ko na gina jini, ya buɗe mata ƙofofin da ba nata ba, har ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan yaro da babba suka haɗiyi dalma daidai wa daida, abin da hanjin yaron zai tsotse ya kai ninki huɗu zuwa biyar na babban. Ki haɗa da cewa ɗan shekara biyu komai ya taɓa bakinsa zai kai.

Alamomin da kika lissafa za su iya zama na dalma, za su kuma iya zama na wasu abubuwa goma. Ƙarancin jini, rashin cin abinci, ciwon ciki, jinkirin magana, duk likitan yara yana ganinsu kullum ba tare da dalma ba. Yawancin yaran da ke ɗauke da ita ma ba sa nuna komai, sai an sa su makaranta a ga karatu ba ya zama. Saboda haka ido ba ya yanke hukunci a wannan magana, jini ne ke yi.

Kina da sa'a guda, Asibitin Malam Aminu Kano yana bakin ƙofarki a kan titin Zariya. Ki kai yaron sashen yara, kuma kada ki jira a tambaye ki sana'ar ubansa, ke ki fara faɗa: "Likita, babansa batir yake fasawa, kuma ana sa masa kwalli, ina so a duba dalma a jininsa." Wannan jimlar ta fi duk wani dogon bayani amfani, domin gwajin jinin da aka saba yi, na ganin ko jini ya yi ƙasa ko akwai zazzaɓi, ba ya duba dalma ko kaɗan. Sai an rubuta ta da sunanta. A takarda za ki ga an sa Pb ko BLL. Idan ɗakin gwajin da aka tura ki ba su da na'urar, ki nemi su ɗebi jinin su aika inda take. Dalma ba ta lalacewa a hanya matuƙar jinin yana cikin sanyi.

Ki lura da yadda za a ɗebi jinin. Akwai 'yar na'urar tafi-da-gidanka da ake tsira yatsa a ɗiga mata, ta ba da amsa cikin 'yan mintoci. Tana da amfani wajen tantance yara da yawa, amma ga ɗan mai gyaran batir tana iya yin ƙarya, don ƙurar dalmar da ke kan fatar yatsa kaɗai ta isa ta ɗaga lambar. In da ita za a yi, a wanke hannun yaro da sabulu sosai tukuna, kuma duk lambar da ta fito sama sai an tabbatar da ita da jinin jijiya. Na jijiya ana zuba shi ne a kwalbar da ke hana jini daskarewa, galibi mai shuɗin murfi mai ɗan ja, domin kusan dukkan dalmar jini tana maƙale ne a jajayen ƙwayoyinsa. Ba a buƙatar yaro ya kwana da yunwa. Kuma tunda kin je, a ɗebi naki, na maigidan ma a lallaɓa shi ya bayar. Idan kina da juna biyu, naki ya fi na kowa muhimmanci.

Sakamako zai zo da lamba ɗaya, a ma'aunin maikirogiram cikin kowace desilita. Desilita kashi ɗaya ce cikin goma na lita, maikirogiram kuwa kashi ɗaya cikin miliyan na giram, kin ga ke nan irin ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta nasu a kan lita guda, sai 5 ta koma 50, don haka ki tambaya kafin hankalinki ya tashi. Babu lambar da masana suka yarda cewa lafiya lau ce. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 5 zuwa sama a tashi a nemo tushen dalmar a kawar da shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta taɓa tsayawa a 10, ta sauko 5 a 2012, ta sake saukowa 3.5 a 2021. Daga 45 ake maganar ba yaro maganin da ke janyo dalma daga jiki. Idan ta kai 70, ko yaro ya fara amai, ko yawan barci, ko jijjiga, wannan kwanciya ce a asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

Mu a Arewa mun san ƙarshen wannan hanya, ba labari aka ba mu ba. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, ana ba su maganin zazzaɓi da na sanƙarau ba ya ci. Kafin nan ma agwagin ƙauyukan sun fara ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Da aka auna jini sai ga dalma, wasu yaran har 'yar na'urar, wadda iyakarta 65, ta kasa karanta nasu. A ƙauyukan Dareta da 'Yargalma, binciken gida-gida ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. Jimillar yaran da aka rasa ta haura 400. Dutsen zinariyar da ake haƙowa ne ke ɗauke da dalma, ana kawo shi cikin gida ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙa, yara suna rarrafe a cikin ƙurar. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Na birni kuma akwai misalinsa da ya fi kusa da gidanki: a Thiaroye, gefen Dakar ta Senegal, yara 18 suka rasu wajen 2008, sanadin fasa tsofaffin batura a unguwa.

A Zamfara ba a sha wahalar gano ɓarawon ba, ga shi nan a tsakar gida. A Tarauni abin ya fi haka sarƙaƙiya. Lambar da ke kan takarda tana gaya miki nawa ne, ba ta gaya miki daga ina ba. A gidanki kaɗai ina iya lissafa waɗanda ake zargi guda biyar ko shida. A nan ne gwajin ƙaninki ya shigo.

Dalma duk dalma ce, kamar yadda Hausa duk Hausa ce, amma da Basakkwace ya buɗe baki kin san ba a Fagge aka haife shi ba. Ita ma dalma tana da karin harshe. Ƙwayoyin zarrarta iri huɗu ne, halinsu ɗaya, nauyinsu ne ya ɗan bambanta, masana suna kiransu aisotof, suna kuma yi musu laƙabi da nauyinsu: 204, 206, 207 da 208. A cikin kowace ƙwaya ɗari, wajen 52 'yan 208 ne, 24 'yan 206, 22 'yan 207, sai ɗaya da ɗoriya 'yan 204. Ita 204 tun farkon halittar ƙasa take nan, ba ta ƙaruwa. Sauran ukun haifarsu ake yi a hankali cikin duwatsu: yuraniyam, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar, yana rikiɗa cikin miliyoyin shekaru ya zama 206 da 207, wani ƙarfen mai suna toriyam kuma ya zama 208. Ranar da dalma ta rabu da waɗannan iyaye nata ta taru a jijiyar dutse, ranar lissafinta ya tsaya. Don haka tsohuwar mahaƙa da sabuwa ba sa zuwa da lissafi ɗaya. Dalmar Broken Hill ta Ostareliya, wadda ta haura shekara biliyan ɗaya da rabi, idan aka raba 206 ɗinta da 207 ana samun 1.04. Ta Missouri a Amurka tana haura 1.3. Mu ma nan, duwatsun yankin Anka sun girmi na kwarin Binuwai, inda ake haƙar dalma a Zurak da Abakaliki, nesa ba kusa ba. Abin da ya sa wannan ya zama makami shi ne, narkarwa ba ta sauya lissafin, wuta ba ta sauya shi, hanjin yaro ma ba ya sauya shi yadda zai ɓata bincike. Da karin harshen da dalma ta bar mahaƙa, da shi za ta isa jini.

Wani Ba'amurke mai suna Clair Patterson da wannan lissafi ya auna shekarun duniya a 1956, ya samu biliyan 4.55. Garin aikin ne ya ga dalma ta gurɓata komai a ɗakin bincikensa, har iskar da yake shaƙa, ya bi sawu ya tarar da man fetur, ya kwashe sauran rayuwarsa yana faɗa da masu zuba ta a mai. A ƙarshen shekarun 1970 aka yi wani gwaji a Turin ta Italiya: aka sauya dalmar da ake zuba wa fetur ɗin yankin da ta Broken Hill, aka zauna ana kallon jinin mutane yana karkata zuwa sabon karin, daga nan aka lissafa cewa kusan rubu'in dalmar jinin mutanen birnin daga hayaƙin mota take. Wanda ya fi shafarki shi ne aikin Brian Gulson a Sydney a shekarun 1990. Ya bi matan da suka yi ƙaura zuwa Ostareliya daga gabashin Turai, waɗanda ƙasusuwansu ke ɗauke da dalmar ƙasarsu ta haihuwa. Da suka samu ciki, sai karin tsohuwar ƙasar ya riƙa ƙaruwa a jininsu, ya ƙara tashi lokacin shayarwa. Ma'ana ƙashin uwa rumbu ne, idan jiki ya buɗe shi don gina ƙashin jariri, dalmar da aka ajiye shekaru da dama tana biyowa. A jini rabin dalma kan ragu cikin wata guda, a ƙashi kuwa sai ta shekara ashirin tana zaune. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sai a farkon 2006 suka gama rabuwa da fetur mai dalma, Aljeriya ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Duk wadda ta yi ƙuruciya a bakin titin Zariya ko titin Maiduguri kafin lokacin ta shaƙi rabonta, sauran kuma yana nan kwance a ƙasar gefen titi.

To me ya sa na ce kada ki fara da shi? Na farko, jini shi kaɗai ba ya magana. Na'urar za ta ba da lissafin jinin yaro, amma sai an auna kwallin, da ƙurar ɗakin, da ɓawon fentin, da ƙasar tsakar gida, sannan a ga wanne ya yi kama da shi. Abin da ba a kawo ba, ba za a kama shi ba. Na biyu, batir ɗan gauraye ne. Dalmarsa an narkar da ita an sake narkarwa, ta wannan ƙasa ta haɗu da ta waccan, kamar yaron da ya tashi a Sabon Gari yana jin yare biyar. Na uku, jinin kansa gauraye ne na abin da aka ci jiya da abin da ƙashi ke sakowa, kuma sawun giwa yakan take na raƙumi, babbar kafa ta ɓoye ƙarama. Shi ya sa a Faransa, da suka gwada wannan hanya a gidajen yara masu dalma a jini, amfaninta mafi yawa shi ne wanke wanda ake zargi, a ce wannan dai ba shi ba ne. Ga kuma tsada, don aikin yana son na'urar auna nauyin zarra da ɗaki mai tsabtar da ta fi ta ɗakin tiyata, irin na manyan cibiyoyin bincike.

Masu bincike suna so su san wanne ne daga cikin shidan. Ke uwa ce, ba ki da lokacin wannan. Ki kore su duka a mako guda.

Ki fara da maigida, kuma ki fara da lalama, don sana'arsa ce ke ciyar da gidan, ba kuma da gangan yake yi ba. Mutumin da ya yini yana fasa batir, yana goge kawunansa, yana narka dalma yana like, da yamma yana tahowa da ita a riga, a wando, a gashin kai, a gemu, a ƙarƙashin farce, a tafin takalmi, a jikin wayarsa, har a kujerar babur. Yaro ya taho da gudu, "Abba oyoyo", ya rungume ƙafafun wandon. Abin da za a yi ba ya cin kuɗi sosai. Kayan aiki su zauna a gareji, ya sauya wasu kafin ya taho. In da hali ya watsa ruwa a can, in babu, daga ƙofa sai banɗaki kafin ya taɓa kowa. Takalmin aiki kada ya ƙetare zaure. Wankin kayan aikin a yi shi daban, a bokiti daban, kada a kakkaɓe su a tsakar gida, ruwan kuma kada a zubar inda yara ke wasa. A wurin aiki kada ya ci abinci ko goro sai ya wanke hannu da sabulu. Kuma ko batir ɗaya kada ya sake kwana a gida, balle a fasa shi a soro. Yanzu da sola ta cika gari, gidaje da yawa suna da mataccen batir a bayan ƙofa ana jiran 'yan gwangwan su zo su saya. A fitar da shi, a rufe, kada a tsiyaye ruwansa a kwata. Na san zai ce miki ai yana shan madara bayan aiki. Masu fenti da masu walda da masu gyaran lagireto duk haka suke faɗa. Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke dalma daga jini.

Sai kwalli, inda maganar ke son hikima. A 2011 likitoci a asibitin yara na Boston suka samu 13 a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Nijeriya. Aka bincike gidan ba a ga fenti mai dalma ba, sai a ƙarshe aka kai ga kwallin da ake sa masa, aka auna, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya san dutsen. Wannan dutse mai ƙyalli da ake saya a kasuwa a niƙa a zuba a tandu, mafi yawansa ainihin dutsen da ake narkawa a fitar da dalma ne. Ba ta cikin ido yake yin ɓarnar ba sosai. Yaro ya murza ido, ya tsotsi yatsa, hawaye kuma ya gangara ta hanci zuwa maƙogwaro. Kakarsa za ta ce sunna ce, kuma da shi ta raini ubansa ga shi nan garau. Kada ki yi musu da ita a kan sunna. Ismid ɗin da malamai ke ambata ana fassara shi da wani dutse daban, matsalar ita ce ido ba ya bambance su, kuma abin da aka rubuta a jikin kwalba, ko daga Makka aka kawo tsarabarsa, ba hujja ba ce. Ni dai shawarata kada surukuwa ta ji wannan daga bakinki. Ɗanta ya je ya durƙusa ya ce, "Hajiya, likita ya ce a dakata da kwallin nan har a ga sakamakon jini." In ta ga takarda, ta kuma ji daga bakin ɗanta, zance ya ƙare ba tare da an ɓata zumunci ba. Ke ma ki dakata da naki, tunda fuskarki a hannunsa take yini.

Daga nan ki shiga madafa. Tukwanen da ake zubawa daga narkakken tarkace, alminiyam ne a suna, amma abin da ya shiga tukunyar narkin ya haɗa da ɓaraguzan inji da na lagireto. Binciken da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna irin waɗannan tukwane suna sakin dalma a abinci, kuma tsami da zafi ne ke ƙara fito da ita. Don haka kunun tsamiya, zoɓo, miyar tumatir da ta yakuwa, a dafa su a tukunyar silba ta kamfani, kada kuma abinci ya kwana a ta dalma. Farar ƙasar da masu ciki ke kwaɗayi, an sha auna irinta a samu dalma, ki bar ta. Garin magani da ba a san abin da aka haɗa ba, musamman mai ƙyalli ko mai nauyi a hannu, kada a ɗura wa yaro. Ki dubi fentin ƙofa, taga da gadon yaro, musamman fentin mai, rawaya da ja, in yana ɓamɓarewa. Kada a kankare shi a bushe yaro yana gida, a jiƙa, a kwashe, a shafe da sabon da aka rubuta ba shi da dalma.

Shara ma sai ta sauya. Tsintsiya a busasshen ɗaki tayar da ƙura kawai take yi ta sauka a kan shimfiɗa, balle da hunturu. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge daɓe da bakin taga da jiƙaƙƙen tsumma, a shimfiɗa wa yaro tabarma mai wankuwa maimakon ya zauna a turɓaya. Hannunsa a wanke da sabulu kafin cin abinci da kafin barci, farce a yanke. Kada ya yini da yunwa, don hanjin da ba komai a ciki ya fi tsotsar dalma, haka ma jikin da jininsa ya yi ƙasa. Hanta, wake, zogale, alayyafo, ƙwai, kindirmo, miyar kuka, lemo da gwaiba, duk suna rage mata wurin zama. In kina shayarwa, kada ki yaye da kanki saboda tsoro, ki bar likita ya duba lambarki ya faɗa.

Yanzu ga abin da zai sa gwajin ƙaninki ya yiwu in an buƙace shi. Kafin ki zubar da komai, ki ɗebi samfuri. Tandun kwallin gaba ɗaya da tsinkensa, ɓawon fenti kamar faɗin farce biyu, ƙurar ƙarƙashin gado da ta bakin ƙofa, cokali uku na ƙasar saman inda yake wasa, garin maganin, farar ƙasar, da tsohuwar rigar aikin maigida guda ɗaya ba a wanke ba. Kowanne a sabuwar leda tasa daban, a ɗiba da sabon cokalin roba, a ɗaure, a rubuta mene ne, daga ina, da kwanan wata, a ajiye can saman da hannun yaro ba ya kaiwa. Tun kafin a kai ga aisotof, awo mai sauƙi zai faɗi wanne ke da dalma da yawa. Akwai na'urar hannu mai kama da bindiga da ake haska wa abu ta faɗi ƙarafan da ke cikinsa nan take, da ita aka bi gidajen Zamfara. Sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'i irin Bayero, da Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, sun saba awon ƙarafa a ƙasa da ruwa da duwatsu. Likitanku ko ƙanin naki zai iya haɗa ku da su.

Idan lambar ta kai ta magani, akwai shi, ana kiransa DMSA, ana sha ta baki na 'yan makonni, yana kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. A asibiti kaɗai ake ba da shi, ana bibiyar jini. Ba ya dawo da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa, kuma ba shi da amfani ga yaron da zai koma cikin ƙurar da ya fito. Wannan ne dalilin da ya sa a ƙauyen Bagega na Zamfara MSF ba ta fara ba yara magani ba sai a 2013, bayan an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajen an zuba sabuwa. Duk mai tallan ruwan wankin jini ko jiƙon fitar da guba, ki riƙe kuɗinki.

A sake auna yaron bayan wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon yadda lambar farko take, kuma a ɗakin gwaji ɗaya in zai yiwu. Kada ki karaya in ta sauko a hankali, ƙashi ne ke sako tsohuwar ajiya, yaron da ya daɗe yana ɗauka yakan yi watanni da yawa kafin tasa ta faɗi. Amma in kin kori duk waɗanda na lissafa, lambar ta tsaya cak ko ta hau, ko kuma aka auna yaran maƙwabta aka ga su ma haka, to tushen ba a cikin gidanki yake ba. Wataƙila wani ne ke narka batir ko ƙona wayoyi a bayan katangarku, wataƙila filin da aka gina gidan tsohon gareji ne ko juji. Wannan ya wuce aikin uwa ɗaya. Sai a tafi da takardun sakamakon wurin mai unguwa, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukumar Tarauni da hukumar NESREA mai kula da muhalli, kwalli kuma hurumin NAFDAC ne. A irin wannan gaɓa, inda wani zai ce ba hayaƙinsa ba ne, nan ne lissafin 206 da 207 ke shiga magana, kuma masu binciken za su fara tambayarki ledojin nan da kika ɗaure.

Maganar jinkirin bakin yaron kuwa, kada ki jira sakamakon dalma kafin a duba ta. Ranar da za ki kai shi, ki roƙi likita ya sa a gwada jinsa, a kuma duba yawan jininsa da sinadarin ƙarfen da ke gina shi. Ki tafi da katin rigakafinsa da kwalaben duk magungunan da ya sha, na asibiti da na gida, har da tandun kwallin a cikin ledarsa.